Hannun Arzika

A Yamai aka koya mini hannu.
Shafi ne mai launi:
jijiyar ji rawaya, ta jini ja,
agara tara kwance kamar zaren masaƙa,
rufi guda a bisansu.
Malaminmu ya ce, ku tsaga rufin,
ku ba jijiya iska, ku ɗinke.
Minti goma sha biyar, ko shayi bai huce ba.

Sai Tawa, wata Laraba,
Arzika baduku ya miƙo mini damansa.
Shekara biyu minjirya na tashinsa tsakar dare,
yatsu uku da rabi sun zama na wani,
basilla ta suɓuce bai sani ba
sai ya ji ƙararta a ƙasa.

Habsu ta rataya ƙyalle tsakanin idonsa da aikina.
Allura ta kashe wurin, ba ta kashe bakin ba.
Yana ba mu labarin tsadar fatar akuya
a kasuwar Lahadi,
ni kuwa ina bin zanen tafinsa da aska,
fata, kitse, sannan farin rufin nan
da na sani kamar ƙofar gidanmu.

Na ɗaga shi kaɗan.
Na tsaya.

Inda littafi ya zana ɗaya, biyu na tarar.
Jijiyar ta rabu, kowace da hanyarta,
tsakaninsu wani ɗan jan zare yana harbawa.
Wannan, an ce mana, tun a ciki take ƙafewa,
kafin uwa ta ji motsin farko.
Tasa ta ƙi.
Shekara sittin da ɗaya tana kai ruwa,
korama ce da ba a gaya mata rani ya shigo ba.

Ba ita kaɗai ba.
Reshen da ke ba babban yatsa ƙarfi
bai zagaya ta ƙarƙashi yadda aka zana ba,
ya huda rufin ya ɓullo ta tsakiya,
daidai inda askata ta nufa.
Faɗin ƙwayar gero ya rage
in raba mutum da sana'ar kakansa.

"Likita, kin yi shiru."

Na ce, hannunka ne ba irin na littafi ba.

Ya yi dariya har ƙyallen ya motsa.
"Shi mai littafin ya taɓa ganina?
Fata nawa na yanka, ƴata,
ban ga biyu sun zo ɗaya ba.
Wata kaurinta a wuya, wata a gadon baya,
wata ƙaya ta yi mata rubutu tun tana kiwo.
Ba a yanka da sanin jiya.
Shafawa ake yi tukuna."

Habsu ta share mini goshi.
Na ajiye gaggawa gefen almakashi.
Na koma ta ɓangaren ƙaramin yatsa,
zare-zare nake rabawa,
ina ba reshen hanya kamar tsoho a ƙofar masallaci.
Da rufin ya saki,
jijiyoyin biyu suka miƙe, fari na komawa ja,
koramar tana tsakani, ba ta ma san an zo ba.

Minti hamsin.

Na ce, taɓa ƙaramin yatsa da babba.
Ya taɓa.
Ya sake taɓawa, don kansa wannan karon.

Da yamma na buɗe rajista.
Gurbin da aka bari layi ɗaya ne,
sai na zana abin da na gani a gefen shafi,
zanen bai yi kyau ba.
Bayan isha'i, a kan tabarma, wuta ta ɗauke,
na sa yatsa biyu a wuyan hannuna na hagu
wanda ba wanda ya taɓa buɗewa.
Wani abu yana bugawa a ciki.
Ban san ko guda nawa ba ne.